Abin da Gari Ya Yar

Idan na taso daga kasuwar Mil Tuwel da almuru,
ƙafa duk taɓo, riga tana warin attaruhu,
ba na shiga gida hannu rabbana.
Aljihuna cike yake da abin da gari ya yar:
tikitin mota da kwandasta ya yaga biyu,
ragar buhun albasa, jawur,
marfin kwalba da taya ta take ya koma faifai,
da rasit na kwando arba'in na tumatir
da suka ruɓe a cunkoson Ojota.

Hansatu ta ce, "Malam, shara kake kawo mini
bayan na share ɗaki tun hantsi?"
Na ce ai ba ta zama shara sai an zubar.
Ta ja tsaki. Can kuma daga ƙarƙashin keken ɗinki
ta turo mini da ƙafa ƙyallen atamfa shuɗi,
ragowar zanen Iya Bolanle.

Da rana ni mai biro ne.
Ina rubuta bashin mutane a littafi:
kwando nawa ya sauka, nawa ya fashe,
wa ya biya, wa ya ce sai jibi.
Lissafi ba ya yafe kuskure.
Da dare kuwa, a 'yar barandarmu ta Ketu,
kan kwalin firjin maƙwabci,
da sitacin rogo da na dama a gwangwanin madara,
in na liƙa a karkace
babu mai cire mini a albashi.

An ɗauke wuta.
Janareton mai gida ya fara tarinsa.
Na cije fitilar waya da haƙora, na ɗauki almakashi.
Shuɗin ƙyalle ya kwanta, ya zama ruwan lagun.
Tsinken tsintsiya goma sha ɗaya, ga gada.
Ledar taliya mai ruwan ɗorawa na yanka ƙanana,
na jera danfo hanci da gindi,
ba mai gaba, ba mai baya, kamar kullum.

Akwai wasiƙar babana da ajami,
wadda ya aiko daga Gumel shekarar da na zo.
Mako uku tana gefen kwali, na kasa sa mata almakashi.
Daga baya na yanki layi ɗaya tak,
inda ya ce in riƙa cin abinci,
na liƙa shi ƙarƙashin gada
inda na kwana bakwai kafin in sami ɗaki.

Iskar Legas ba ta barin gam ya bushe.
Na danne da turmi, na danne da galan,
gefe ya ɗago, na sake dannewa.

Daren Laraba ruwa ya kece,
kwano ya yi yoyo daidai kan aikina.
Da asuba na tarar shuɗi ya shiga ɗorawa,
gada ta jingina,
tawadar Baba ta malale cikin lagun,
harafi biyu kawai suka tsira.

Na zauna na rafka tagumi.
Barira ta fito tana murza ido,
ta daɗe tana kallo, yatsa a baki,
ta ce, "Baba, yanzu ya yi kama da layinmu."
Ta koma ciki, ta kawo maɗaurin silifas ɗinta
wanda ambaliya ta tafi da ɗan'uwansa,
ta dangwala sitaci, ta manna a tsakiyar ruwan.

Yana nan rataye a ƙusa, gefen kalanda.
Babu wanda ya taya, ban kuma sa masa kuɗi ba.
Kyankyaso ya ɗan ci kusurwar hagu.
Jiya da zan fita, na laluba aljihu neman biro,
na ji Hansatu ta sa mini maɓalli uku
da guntun zare kore.